Tsohuwar Tarakta a Mafaza: A Yi Mata Garambawul Ko a Ci Bashin Sabuwa?

Daga watan Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da kogin Rahad ya daina gudu ya koma 'yan kududdufai a tsakiyar yashi, baƙar lakar gonaki kuma ta tsattsage don zafi, aikin noma a Mafaza yakan koma bakin gareji. Za ka ga tarakta an cire mata kai, wata an raba ta biyu an tokare da kututture don a kai ga kuloci, ga faya-fayan garma jingine da bango, ga injin yankan kara an kife shi ciki a sama ana ƙanƙare masa tsatsa. A irin wannan wuri ake tafka gardamar da nake son aunawa. Uba ya ce a sake ɗaura wa tsohuwar ɗamara, shekara talatin tana ciyar da gidan ba ta gaza ba. Ɗa ya ce, "Baba, kuɗin da muke zuba mata duk shekara, da tarawa muka yi da yanzu mun biya rabin sabuwa." Usta, wato makanike, yana gefe da sifana a hannu, shi ma da nasa ra'ayin, kuma yana da abin da zai samu ko ya rasa a hukuncin da za a yanke.

Wanda bai san ƙasar Gadarif, inda Mafaza take, ba zai ɗauka zancen ƙarfe ne kawai. Noman damina da injina a Sudan a nan ya fara, a Gadambaliya, wajen 1944 zuwa 1945, lokacin da Turawan Ingila ke neman dawar ciyar da sojojinsu na gabashin Afirka. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya, aka yanka daji gona-gona, kowace faddan dubu ɗaya ko dubu da ɗari biyar. Faddan kuwa murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka. A 1977 aka buɗe shirin noman ban-ruwa na Rahad mai faddan 300,000, wanda madatsarsa ta Abu Rakham ke kusa da Mafaza. Hausawan da suka zauna a gaɓar wannan kogi, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da fartanya da lauje da komar kamun kifi suka fara. Akasarinsu ba su ne masu manyan gonakin ba, amma tarakta ta shiga rayuwar kowa. Mai faddan goma ko ashirin a bayan gari hayarta yake yi. Ita ke jan tirelar buhuna, ita ke jan tankin ruwa, ita ke fitar da mara lafiya idan hanya ta caɓe. Tarakta ɗaya ta kwanta a unguwa, gidaje da yawa ne ke jin ciwon.

Ga kuma halin ƙasar. Laka ce mai nauyi. Da rani tauri gare ta har garma ba ta kama ta, idan ruwa ya yi yawa kuma ta zama taɓon da ke riƙe taya har cibiya. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan kwanaki, galibi a Yuli, bayan an sha ruwa ciyawa ta tsiro ƙasa kuma ta ɗan sha iska, da za a shiga a kashe ciyawar a zuba iri. Riɗi ake fara shukawa, dawa ta biyo baya. A Oktoba ma haka abin yake, domin riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa: ka makara da yanka, kwansonsa ya buɗe, tsabar ta zube ƙasa. Ɓangarorin biyu duka da wannan ƙurewar lokaci suke kafa hujja, kowa ta fuskar da ta dace da shi.

Masu cewa a gyara da kuɗi suke farawa, kuma a Sudan ta yau hujja ce mai wuyar turewa. Tarakta da dala ake sayo ta, dawa kuwa da fam ake sayar da ita. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala guda, a Yunin shekarar kuma ta janye tallafin fetur da dizal. Kafin yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 dala tana wajen fam 600, a 2024 ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Masana'antar Giad da ke kudu da Khartum, inda a da ake haɗa taraktocin Massey Ferguson, tana cikin wuraren da yaƙin ya ci, haka ma rumbunan dillalai da shagunan kayan gyara na babban birnin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓo ta. Singa da Dinder su ma sun fita hannu na wasu watanni a 2024. Mutanen gaɓar Rahad sun ga yadda hanyoyin yamma suka toshe ɗaya bayan ɗaya, ya zamana duk wani abu sabo sai ya sauka a Port Sudan, ya biyo ta Kasala, ya iso Gadarif, kowane zango da kuɗinsa. Mai wannan ra'ayi yana cewa: ku lissafa mini buhun dawa nawa zan zuba kafin in sayi sabuwa, sannan ku lissafa buhu nawa garambawul zai ci, in kun ga sun yi kusa da juna ni ma na bi ku.

Tunda kusan babu mai sayen sabuwa da kuɗi hannu, maganar takan gangaro kan bashi. Bankin Noma na Sudan da sauran bankuna suna bayarwa, na aikin damina ta hanyar salam, wato a ba ka kuɗi yau a kan hatsin da za ka kawo bayan girbi a farashin da aka tsayar, na injina kuma ta hanyar murabaha, ka sa hannu a kan caki-caki na shekarun da ke tafe. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma noman Gadarif na ruwan sama ne, shekara ɗaya ta yi kyau, wata ta zo da fari ko ambaliya ko tsuntsu, caki kuwa ranarsa ba ta motsawa. A wannan jiha ba baƙon labari ba ne manomi ya shiga kurkuku a kan cakin da ya dawo, ya zauna har sai an biya. Dattijon da ya ga haka ta faru da sa'o'insa, idan ya ce gara tsohuwar da ba kowa ke binta ko sisi ba, ban ga dalilin kiransa mai tsoron ci gaba ba. Mutuncin gidansa yake karewa.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙirar injin kanta. Ɗauki Massey Ferguson 290, wadda ta cika gonakin Sudan: injin Perkins mai silinda huɗu, ƙarfin doki tamanin ko ƙasa da haka kaɗan, babu kwamfuta a cikinta, babu wata waya da in ta tsinke sai an kira wakilin kamfani. An ƙera ta ne don a riƙa buɗewa. Silif ɗin silinda ana zare su a sa sababbi, a canza fistin da zobba, a kai karanshaf wajen mai injin gogewa, a gwada nozul da famfon mai, a rufe, injin ya dawo da numfashinsa. Gangar jikinta zubin ƙarfe ne mai kauri wanda shekaru ba sa ci da sauri. Kayan gyaran ma ba su yanke ba, domin har yanzu ana ƙera 'yan gidansu: kamfanin Millat a Lahore ta Pakistan yana fitar da 240 da 375 da 385, TAFE a Indiya ya shafe shekaru yana yin nasa, Turkiyya ma tana zubo kaya. Abin da ya fi wannan duka shi ne ilimin yana cikin gari. Usta ya san ta da kunne, yaronsa ya san girman kowane noti, direban da ya girma a kanta zai iya fitar mata da iska daga bututun mai cikin duhu. Shekaru ashirin na takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, sun koya wa makanikan Sudan yin abu da abin da ke hannu, kuma wannan gwaninta dukiya ce da sabuwar tarakta ba ta zuwa da ita a cikin akwati.

Mai karatu daga Kano ko Katsina ya san ɗaya fuskar wannan magana. Ya ga farfajiyar ma'aikatun gona cike da taraktocin da aka shigo da su sababbi fil aka yanka musu ƙyalle, suka yi damina biyu ko uku, wani ƙaramin abu ya lalace, aka rasa shi daga Ƙofar Ruwa har Panteka, suka zauna ciyawa ta tsiro ta cikin tayoyinsu. Ko a Amurka, inda ake ƙera manyan, manoma sun yi shekaru suna kokawa da kamfanin John Deere kan a bar su su gyara kayansu da kansu, har jihar Colorado ta yi doka a kai a 2023, hukumar kula da ciniki ta tarayya kuma ta kai kamfanin kotu a Janairun 2025. Sai dai in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, yawancin sababbin da ke isowa Gadarif daga Indiya da Sin da Turkiyya ba irin masu kwamfutar nan ba ne. Haɗarinsu wani ne daban: kowace shekara da sabon suna a kasuwa, dillali ya kawo guda hamsin ya koma wata sana'a, ya bar mai saye da abin da ba wanda ya ajiye masa ko matatar mai.

To, masu cewa a sayi sabuwa fa? Su ba da kuɗi suke farawa ba, da kalanda suke farawa. Sukan ce lissafin mai gyara gurgu ne, domin ya ƙirga kuɗin fistin da ladan usta amma bai ƙirga kwanakin da tarakta ta kwanta a tsakiyar shuka ba. Tsohon ƙarfe ba ya zaɓen ranar mutuwa, kuma ya fi mutuwa ranar da aka fi matsa masa, wato lokacin da ake aiki dare da rana da direbobi biyu suna karɓa-karɓa. In famfon ruwa ya fashe a gona mai nisa cikin Yuli, sai an sami mai tafiya gari cikin taɓo, in babu a Mafaza a nufi Hawata, in babu a can sai Gadarif. Kafin abin ya dawo an sake sheƙa ruwa, gona ta ƙi shiguwa sai bayan mako. Dawar da aka shuka a makare ruwa kan ɗauke mata tana bununi. Asarar wannan mako ba ta fitowa a takardar usta, a ma'auni take fitowa ranar sussuka. Ina ganin wannan ita ce hujja mafi nauyi a duk gardamar, kuma masu son tsohuwa sukan wuce ta da sauri da cewa ai Allah ne ke tsarewa. Haka ne, amma Shi ne kuma Ya ba mu hankalin duba famfon tun a watan Mayu.

Suna ƙarawa da batun mai. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, dizal ya zama abin da manomin Gadarif ke kwana da shi a rai, yaƙin kuma ya tsayar da matatar Jaili da ke arewa da Khartum. Injin da zobbansa suka saki, nozul ɗinsa ke zubar da mai maimakon fesawa, yana shan dizal fiye da ƙima, ya haɗa da baƙin mai, ya mayar maka da hayaƙi. Kowace ganga da ta tafi a haka kuɗin gyara ne da ba a rubuta ba. Sannan ga jabun kaya. Akwati mai sunan kamfani, ciki kuwa boris ne da ba zai kai kaka ba. Wanda ya yi garambawul da irin wannan ya biya ladan buɗewa sau biyu. Sun yi gaskiya, ko da yake jabu ba ya tambayar shekarun tarakta, sabuwar ma ranar da ta fara neman kaya kasuwar nan ɗaya za a je.

Akwai wata hujja tasu da matasan da suka yi karatun gona suka fi kawowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sukan ce riƙo da tsohuwar tarakta riƙo ne da tsohon noma. Tun zamanin Gadambaliya kayan aikin da aka sani shi ne garmar faya-faya mai faɗi da akwatin iri a kanta, wadda ke kashe ciyawa ta watsa iri a tafiya guda. Tana da sauri da araha, amma ba ta shiga ƙasa sai 'yan yatsu, ba ta shuka a layi balle a yi noma da inji daga baya, kuma shekaru sittin ko saba'in na bin zurfi ɗaya da dawa a kan dawa sun gajiyar da ƙasa, wuta-wuta ta samu wurin zama, amfanin faddan ya ragu. Hukumar binciken aikin gona ta Sudan ta daɗe tana kiran a koma shuka a layi, an kuma gwada noma ba tare da kaftu ba a Agadi ta jihar Blue Nile a farkon shekarun 2000. Injin shuka a layi da garmar da ke fasa ƙasa da zurfi da na feshi suna son ƙarfi da hannun ɗagawa mai lafiya, abin da tsohuwar da ta gaji ba ta da shi. Na yarda da rabin maganar. Ɗaya rabin shi ne, sau da yawa mai sabuwar tarakta tsohuwar garmar nan yake ɗaura mata, domin bashin ya cinye abin da zai sayi sauran kayan. Ƙasa ba ta san launin fentin da ya bi ta kanta ba. In canjin noma ake so, zai fi kusa a gyara tsohuwar da kyau, a sa rarar kuɗin a injin shuka da iri mai kyau.

Yanzu bari in zo kan injin yanka, domin a kansa ne na ga ɓangarorin biyu suna magana a kan abu biyu daban suna zaton ɗaya ne. Karan dawa da ciyawar daji sun zama kuɗi a wannan yanki, makiyaya na saye, masu kiwon gida na saye, don haka injin da ake ɗaurawa a bayan tarakta ya sare su ya samu daraja. Ƙirarsa mai sauƙi ce: murfin ƙarfe mai faɗi, akwatin giya a samansa, wuƙaƙe biyu ko fiye a ƙasa, da sandar da ke ɗauko juyi daga bayan tarakta, sau 540 a minti. Murfin ne ke fara ruɓewa, saboda ɗanyar ciyawa da laka suna manne masa ta ciki, a ajiye shi haka ba wanki, tsatsa ta ci shi ta ƙasa alhali samansa na nuna lafiya. Daga nan wurin da akwatin giya ke zaune ya fara tsagewa, akwatin ya karkace, boris ya fara kuka, robar da ke tsare mai ta saki, giya ta bushe.

Abin da aka fi yi wa wannan ciwo shi ne faci. A ɗora guntun ƙarfe a kan tsatsa a bi da walda, a cusa giris a inda mai ya kamata ya zauna, wuƙar da ta tsage a ɗinke ta da wuta a mayar. Wannan shi ne abin da ɗan gidan ke gani ya ce kuɗi ake zubawa a rijiya, kuma yana da gaskiya. Garambawul na gaske wani aiki ne. A kwance komai, a ƙanƙare murfin har farin ƙarfe ya fito, a yanke duk inda ya ruɓe a sa faranti mai kaurin na asali, a ƙarfafa mazaunin giya ta ƙasa, a tabbatar ya zauna daidai ba karkace. A buɗe akwatin giya a duba haƙora, a sa boris da robobi sababbi na ƙwarai, a zuba man giya. Wuƙaƙe a saye su sababbi, biyu-biyu masu nauyi ɗaya, domin in ɗaya ta fi ɗaya nauyi girgizar za ta kashe sabon boris cikin 'yan kwanaki. Injin da aka yi wa haka ba abin da sabo zai nuna masa, sau da yawa ma ƙarfensa ya fi na sabon kauri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, in dai gyaran ne aka yi.

Akwai wurare uku a jikin wannan inji da ba na karɓar uzurin kowa a kansu, domin rai ne a ciki. Na farko, bakin wuƙar nan yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ƙarfenta an gasa shi ne ya yi tauri, wutar walda tana ɓata gashin, ranar da ta daki kututture ko dutse sai ta ɓalle ta fita ta inda murfi ya ruɓe, kuma a gonakinmu yara da mata masu tattara kara ba sa nisa da tarakta. Na biyu, akwai wata ƙusa mai laushi a sandar juyi da aka yi ta musamman don ta karye in wuƙa ta ci karo da abu mai tauri, ta ceci giya. Direba ya gaji da canza ta sai ya sa mai tauri, daga ranar duk dukan da aka yi a haƙoran giya yake sauka, ko a cikin taraktar kanta. Na uku shi ne rigar robar da ke rufe sandar. In ta fashe akan jefar, a bar ƙarfe tsirara yana juyi sau tara a daƙiƙa guda, a ƙasar da maza ke aiki da jallabiya da rawani. Wanda ya san yadda sandar nan ke naɗe tufa ba zai tsaya cinikin kuɗin roba ba. A nan masu son sabo sun fi gaskiya, amma abin da hujjarsu ta wajabta shi ne sabuwar wuƙa da sabuwar riga, ba sai an kai ga sabon inji ba.

Injin yankan riɗi, mai yanka ya ɗaure dami, shari'arsa daban. Da can hannu ne ke wannan aiki, dubban 'yan ƙwadago daga yamma da kudu da Habasha suna kwararowa Gadarif da kaka. Ɓallewar kudu, da rikicin iyakar Fashaga tun ƙarshen 2020, da yaƙin yanzu, sun sa hannun ya yi tsada kuma ba shi da tabbas. Injin da ya maye gurbinsa yana da 'yan haƙoran wuƙa masu yawa da na'urar ƙulla igiya mai son saiti daidai wa daida, aikinsa kuma na kwana goma ne zuwa mako biyu a shekara, waɗanda ba a ramawa. In zan ba da shawarar a haɗa kuɗi a sayi sabo a wuri ɗaya, to nan ne, mutum huɗu ko biyar masu gonaki kusa da juna, da kayan gyaransa a ajiye tun kafin a fara.

Ra'ayina ya fi karkata ga gyara, kuma ban ɓoye ba. Mai faddan dubbai da ke shuka a layi, wanda kwana ɗaya na tsayuwa ke ci masa abin da ya fi kuɗin wata na banki, ya sayi sabuwa, ya bar tsohuwar tana jan tirela. Ga mai matsakaicin ƙarfi a Mafaza, a wannan farashin dala da wannan hali na hanya, Massey ɗin da gangarta ba ta tsage ba ta cancanci garambawul. Amma akwai mutumin da ba a gayyata wannan gardama ba, kuma shi ne ya fi shan wahalar sakamakonta: ƙaramin manomin da ke jiran layi. Mai tarakta gonarsa yake fara yi, sannan na 'yan'uwa, sannan na waɗanda suka biya haya. In ta lalace a mako na biyu, shi ya riga ya shuka. Wanda aka bari da busasshen alkawari shi ne mai faddan goma da ya sayar da akuya ya ba da kuɗi tun kafin ruwa ya sauka, ko bazawarar da ba ta da mai bin mata sawu. Saboda haka duk wanda zai karɓi kuɗin hayar mutane a kan tsohuwar tarakta, faci bai halatta gare shi ba. Zaɓinsa na ƙin cin bashi daidai ne, amma bai kamata talakan unguwa ne zai biya kuɗin zaɓin ba. Shi ma mai haya yana da haƙƙin ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi: "Alhaji, bana an buɗe injin kuwa? Wane usta ya yi?"

Abin da ke hana garambawul na gaske sau da yawa lokaci ne, ba rowa ba. Kuɗin manomi yana shigowa daga Disamba zuwa Fabrairu, ya tafi a biyan bashi da biki da buƙatun gida, ba a tuna tarakta sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A lokacin kowa ya ruga gareji rana ɗaya, usta na da goma a gabansa, kayan ƙwarai sun ƙare a Gadarif, sai jabu, sai a ce a lallaɓa ta ta fita bana. Rancen damina ma manoma sun daɗe suna kukan yana fitowa a makare, kuma mai da iri da ƙwadago ke cinye shi. Da bankuna da ƙungiyoyin manoma za su ware ɗan ƙaramin rance na gyara, ya fito a Maris, a biya shi kai tsaye ga mai kayan gyara da usta bayan an duba aikin, da kuɗin sabuwar tarakta ɗaya ya tayar da tsofaffi masu yawa a ƙauyukan Rahad. Usta zai sami watanni uku maimakon mako uku, ya aika Port Sudan a kawo masa silif da boris na asali, ya gwada injin da garma a bayansa kafin ruwan farko.